Dokbae Mai Katako

Ƙanena Dokbae ya shafe shekara talatin da wani abu bai sa miyar ganyen teku a bakinsa ba, alhali duk tsibirinmu babu wanda ya kai shi iya shanya ganyen. Ni ce yayarsa, ni na goya shi tun yana jan majina, saboda haka in na ce mutum ne mai taurin kai, ba sharri na yi masa ba. Ina ƙaunarsa, amma na sha jin kamar in rufe shi da duka.

Mu nan ba mu da gonar kirki, duwatsun bakin teku su ne gonarmu. Da sanyi, lokacin da yatsun mutum ke ƙandarewa, mukan fita mu kankare duwatsun tas don ganyen ya sami wurin kamawa. In ya tofo, rana ta fara zafi, ruwa kan janye ya bar shi a fili, sai a bi shi da dogon ludayi ana kamfato ruwan teku ana watsa masa, kada ya ƙone kafin ruwan ya dawo. A tsakiyar zafi a yanke shi da lauje, a raba gida-gida, kowa ya jera nasa bisa raga ya shanya. Aikin nan ya karɓi Dokbae tun yana saurayi. Sauran samari suna watsa ruwa suna hangen jirgin da zai kai su birni, shi kuwa yana watsawa yana yi wa ganyen magana: "Sha, sha, kada ka ba ni kunya bana."

A cikin ganyen akwai wanda ake warewa, mafi tsawo, mafi kauri, baƙi siɗik, wanda in ya dahu romonsa kan yi fari kamar an zuba madara. Shi muke kira ganyen jego. Shi ke wanke wa mai jego jini, ya kawo mata nono, ya mayar mata da ƙarfinta. Innarmu ta sha, ni ma na sha har sai da na gaji da ganinsa. Amma yana da sharaɗi: ba a neman ragi in za a saye shi, kuma ba a ninke shi a hanya. Yadda aka shanya shi a miƙe, haka za a kai shi ɗakin mai ciki a miƙe. Tsofaffinmu suka ce wanda ya ninke shi ya ninke wa jariri hanya, haihuwa za ta yi gardama. Babu yaron da bai san wannan ba a tsibirinmu.

Matarsa Malsun 'yar tsibirin da ke gabas da mu ce. Ta zo taya wata 'yar uwarta yanka, gajeruwar yarinya mai dariyar da ake ji daga wancan dutse. Ta tarar da shi yana hira da ganye, ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai, me ya ce maka? Ko sirri ne?" Dokbae ya rasa inda zai sa kansa, kunnuwansa suka yi jajir. Kafin yanka mai zuwa an yi bikinsu. Ban taɓa ganin ƙanena ya yi yawan magana irin na shekarun nan ba, har waƙa na taɓa kama shi yana yi a bayan gida.

Da ta sami juna biyu, watanta ya matso, ta koma gidan iyayenta don ta haihu a gaban uwarta. Dokbae ya zaɓi ganyen jego da hannunsa, ya shanya shi, dogo ne har ya fi shi tsayi, ya ɗaure shi da igiyar bambaro. Muka shiga kwalekwale mu biyu, ina rungume da ƙullin kayan jariri, shi yana tuƙi, ganyen yana kwance a tsakaninmu. Mun bar gida sama tana garau. Muna tsakiyar ruwa hadari ya taso, iska ta fara ɗaga ganyen tana neman ƙwace shi, ga yayyafi ya sauko. Busasshen ganye in ruwan sama ya taɓa shi ya lalace ke nan, sai zubarwa. Dokbae ya duba gabas, ya duba yamma, ya kama shi ya ninke biyu, ƙaras, ya cusa a cikin rigar ruwansa ya rungume. Da ni ce ma abin da zan yi ke nan.

Muka isa a jiƙe sharkaf, ganye kuwa ko ɗigo bai taɓa shi ba. Yana fito da shi yana murmushi, surukarsa ta tsaya cik a bakin ƙofa.

"Wane ne ya ninke wannan?"

"Inna, ruwa ne ya tare mu, na ga kada ya..."

"Kai ɗan teku, kai ne za ka ninke ganyen jego? Ba wanda ya gaya maka?"

Malsun ta leƙo daga ɗaki da ƙaton cikinta tana ƙyalƙyala dariya. "Haba Inna, ganye ne fa! Ai dole a karya shi kafin ya shiga tukunya. Ya rage miki aiki. Ku shigo, kun tsaya kamar kajin da ruwa ya doka."

Iskar nan ba ta kwanta ba. Ana cikinta naƙuda ta zo, ta yi tsawo, ta yi wuya. Jaririya ta fito da kukanta lafiya, amma jini ya ƙi tsayawa. Ungozoma ta yi iya yinta. Babu likita a tsibirin, babu jirgin da zai iya fita cikin wannan ruwa, maza suna tsaye a gaɓa suna kallon igiyar ruwa kamar kallon zai kwantar da ita. Tukunyar miyar tana kan wuta Malsun ta cika, ko cokali ɗaya ba ta sha ba.

Ranar da aka kai ta, surukarsa ta ɗauko ragowar ganyen a gaban jama'a ta jefa masa a ƙafa, ta ce, "Ga abin da ka kawo mata." Ban riƙe matar nan a zuciya ba, 'yarta ce ta mutu, kuma mai irin wannan zafin ba ya zaɓen magana. Amma maganar ta shiga Dokbae ta zauna daram. Na gaya masa a ranar, na kuma gaya masa sau ba adadi daga baya, cewa jini ne da iska suka kashe Malsun. Sai ya ce, "To, Yaya," ya kau da kai, kamar da bango nake magana.

Muka dawo da jaririyar, ya sa mata suna Unsil. Matan tsibiri masu goyo suka riƙa karɓa-karɓa suna ba ta nono, sauran hidima ni da shi muka yi. Bai sake aure ba, kuma ba don ban yi ƙoƙari ba. Na kawo masa zawarawa har uku, ya yi ta kallon ƙasa yana ba su labarin yanayin ruwa har suka gaji suka tashi.

A shekarar ne ya sassaƙa katakon nan. Dogo ne, marar nauyi, ya goge shi sumul, ya huda gefensa don igiya. Daga nan duk macen da ta sami ciki a tsibirinmu, ganyen jegonta na Dokbae ne. Ba ya sayarwa, ba ya aikawa. Shi zai shanya, ya kwantar da shi bisa katakon, ya rufe da leda, ya ɗaure, ya saɓa a kafaɗa ya kai har cikin ɗaki, yana tafiya a karkace a lunguna kada ya gogi katanga. Mace tana iya ɓoye wa uwar mijinta ciki, amma ba ta iya ɓoye wa Dokbae. Amarya takan leƙo ta gan shi a ƙofar gida da katako, ta ce, "Kawu, ni ko mijina ban gaya wa ba!" Tsofaffin da ke gyaran koma a bakin gaɓa kuma in sun hango shi sai su ce, "Ku ba da hanya, ga motar asibiti ta fito." Wani ya ɗaga murya, "Dokbae, ni ma cikina ya yi girma kwanan nan, yaushe za ka kawo nawa?" Ya ce, "Naka na giya ne, wannan ba ya maganinsa." Har sunan ya bi shi, Dokbae mai katako.

Amma shi bai ƙara karya ganye da hannunsa ba, bai dafa ba, bai ci ba. Ka ji mini mutum: ya wuni yana shayar da abu, ya san ƙamshin kowane dutse, in an zuba masa miyar ya ture kwanon ya ci shinkafarsa da busasshen kifi.

A wurinmu duk shekara ranar da aka haifi mutum, miyar nan ake dafa masa don ya tuna wahalar uwarsa. Ta Unsil a gidana take sha, domin a ranar, tun asuba ubanta yake ɓacewa cikin duwatsu. Wata shekara, ba ta daɗe da shiga makaranta ba, ta ɗauki kwanonta da hannu biyu ta bi shi can, tana taka duwatsu a hankali kada ta zubar. Ya ce mata ya ƙoshi. Ta dawo da miyar ta huce, ta ajiye, ta zauna a bakin murhu ta ce, "Gwaggo, ni na kashe Innata, shi ya sa Baba ba ya shan miyata?"

Ranar na ji zafin ƙanena kamar in mutu. Na zaunar da ita a cinyata na ba ta labarin kwalekwale da hadari da ganyen da aka ninke, ban rage komai ba, har dariyar uwarta a bakin ƙofa. Na ce, "Ba ke yake tuhuma ba, kansa yake tuhuma." Ta daɗe tana kallon wuta. Ba ta sake kai masa miya ba, ba ta kuma sake ta da maganar ba.

Ta girma, ta yi karatu, ta sami aiki a birnin Gwangju, ta auri wani yaro mai sanyin hali, Pyo Sangil. Aka shekara, aka shekara, shiru. Dangin miji suka fara 'yan maganganu. Ni na san ba rashin lafiya ba ne, tsoro ne, domin ta taɓa ce mini, "Gwaggo, ba mutuwar nake tsoro ba, Baba nake tsoro. In wani abu ya same ni, ba zai kai labari ba." Sai da ta haura talatin sannan ta bugo waya ta ce an samu. Ina gefe ina jinsu.

"Baba, don Allah kada ka wahalar da kanka. A nan akwai shi a kanti, a yanke, ƙanana-ƙanana cikin leda."

"A yanke?"

"E, sai dai ka jiƙa kawai."

"Unsil, kada ki sake ki sa wannan abin a gidanki. Kin ji ni? Ni zan kawo."

Ya ajiye waya. Tun daga ranar ƙanena ya daina barcin kirki. Ya ware wani dutse can nesa inda igiyar ruwa ta fi ƙarfi, domin ganyen wurin ya fi tauri, ya riƙa shayar da shi kamar jariri, da gwiwarsa mai ciwo. Da ya yanke ya shanya, sai ga abu ya cika katakon baki da baki. Na ce, "Wannan saniya ce za ta haihu ko mutum?" Ko murmushi bai yi ba. A idonsa ran 'yarsa yana kwance bisa katakon nan: in ya isa a miƙe ta rayu, in ya karye ta bi uwarta. Babu abin da zan faɗa ya shiga kunnensa, sai na ɗaura ɗankwalina na ce tare za mu tafi.

A jirgin ruwa ya ƙi shiga ciki. Ya tsaya a waje ya rungume katakon a tsaye kamar mai rawa da doguwar mace, iska tana kaɗa shi, ni ina ta taga ina zaginsa. Muka sauka, muka nufi tashar mota. Direban bas ya buɗe wurin kaya a ƙasa, ya auna katakon da ido, ya girgiza kai.

"Baba, wannan ba zai shiga ba. Mene ne a ciki?"

"Ganyen teku."

"Af, ganye ne ma? Cire katakon ka ninke shi biyu mana, ga wuri nan."

Dokbae ya yi baya kamar an watsa masa ruwan zafi. Ni kuwa abin nema ya samu. Na ce, "Kai yaro, uwarka da ta haife ka, ninkakke aka kai mata? Ganyen jego ne, 'yarsa ce haihuwa yau ko gobe!"

"Iya, ni ba ruwana da wannan, ba a shiga da dogon kaya cikin mota."

"To mu ga wanda zai hana. Dubi gashin kanka, ko shekarun katakon nan ba ka yi ba."

Wata tsohuwa da ke kujerar gaba, ban santa ba, ba ta san ni ba, ta leƙo ta taga ta ce, "Ganyen jego ne? Kai direba, ka ji tsoron alhaki. Ku miƙo shi nan." Kafin ya buɗe baki, mata sun tashi. Aka shigo da katakon hannu da hannu ta saman kujeru, aka kwantar da shi a tsakiyar mota inda ake bi. Duk wanda zai wuce sai ya ɗage ƙafa ya tsallake gefe, tsohuwar nan tana tsaronsa da lema: "A hankali, ɗan nan, idonka a ƙeya yake?" Wata ta ce ita ma da za ta haifi ɗan farinta, mijinta a ka ya ɗauko nata daga kasuwa, yara suna binsa suna dariya. Wata ta ba Dokbae dafaffen ƙwai. Direban ya yi ta gunaguni, amma na lura duk inda ya ga rami sai ya rage gudu.

Muna hanya wayata ta yi ƙara. Pyo ne. "Gwaggo, ciwo ya fara tun da safe. Na ce mu tafi asibiti, ta ce ba inda za ta sai Baba ya iso." Na so in ɓoye wa Dokbae, amma fuskata ba ta iya ƙarya. Ya sunkuya ya ɗora tafinsa bisa ledar, bai ɗauke ba har muka shiga gari.

Gidansu a can saman bene yake, kuma katakon ya ƙi shiga na'urar hawa. Muka bi matakala, shi a gaba ni a baya, tsofaffi biyu suna haki, a kowace kwana sai mun tsaya mun karkata shi, yana cewa, "Ɗaga, Yaya, ɗaga, bango!" ina cewa, "In na mutu a nan, a kan katakon nan za ka mayar da ni gida." Pyo ya taro mu a tsakiya ya miƙa hannu zai karɓa, Dokbae ya ce masa ya buɗe ƙofa kawai.

Unsil tana tsaye a falo, ta dafa tebur, gumi ya jiƙa mata goshi. Ta yi kama da uwarta sak. Dokbae ya durƙusa, ya kwance igiyar, ya yaye ledar. Ganyen yana nan baƙi, a miƙe sambal, ko gefe bai ɓantare ba. Ƙamshin gida ya cika ɗakin. Ya ɗago kai yana dubanta, fuskarsa ta saki a karon farko cikin watanni.

"Ga shi, Unsil. Duba da kyau. Ko tsaga babu."

"Na gani, Baba. Ban taɓa ganin mai kyansa ba. Miƙo mini in riƙe."

Ya ɗauko da hannu biyu ya ba ta. Ta shafa shi, ta sunsuna. Sannan ta ɗora tsakiyarsa a gefen teburin, ta danna da dukan ƙarfinta. Ƙaras! Ɓarɓashi ya watsu a ƙasa.

Ƙarar da Dokbae ya yi ban taɓa jin irinta daga bakin namiji ba. Pyo ya daskare da jakar asibiti a hannu. Ni kaina da ke cika bakin cewa camfi ne, sai da na rufe baki da hannu.

"Me kika yi? Unsil, me kika yi wa kanki?"

Ta jira ciwon da ya taso mata ya lafa, tana riƙe da gutsuren biyu, sannan ta ce, "Ka kawo shi a miƙe, Gwaggo shaida ce, mijina shaida ne. Naka ya ƙare. Ni na karya, da hannuna, ina sane. Yanzu duk abin da ya same ni a ɗakin haihuwar nan da zan shiga, ba kai ba ne. Ka ji ko? Ba kai ba ne." Ta tura masa su a ƙirji. "In kuma na fito, Baba, ka bar Innata ta huta. Kai ma ka huta. Na gaji da shan miyata ni kaɗai."

Ta juya ga mijinta ta ce, "Kai kuma me kake jira? Mu tafi."

A asibiti aka shige da ita, aka bar mu kan benci. Dokbae yana rungume da gutsuren ganyen kamar yadda ya rungume wancan a kwalekwale. Wata ma'aikaciya ta ce ya ajiye a gefe, ya dube ta kawai, ta wuce. Rana ta karkata, hasken taga ya bar ƙafafunmu ya hau bango. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaya, in abin ya faru fa?"

"In ya faru, jini ne, kamar na Malsun. Kuma nan akwai likita, akwai jinin ƙari, babu iskar da za ta tare hanya."

Ya ce, "Da ganyen ne, ai na san wanda zan kama da laifi. In ba shi ba ne, ke nan haka kawai ta tafi, ina tsaye a gaɓa ina kallon ruwa."

Sai a lokacin na gane ƙanena. Shekara talatin ina ce masa mai taurin kai, ashe ɗaukar laifin ya fi masa sauƙi a kan yarda cewa babu abin da ya isa ya yi mata. Tausayinsa ya kama ni. Na kama kunnensa na ja kaɗan, yadda nake yi masa yana yaro.

Kafin rana ta faɗi ƙofa ta buɗe, Pyo ya fito yana kuka yana dariya, hular asibiti a karkace. "Baba, mace ce! Ta zo lafiya."

Dokbae bai tashi ba. "Uwar fa?"

"Lafiyarta ƙalau."

"Jinin fa? Ya tsaya?"

"Ya tsaya, Baba. Har ta fara faɗa, wai yunwa take ji."

Ya sunkuyar da kai cikin ganyen nan ya yi kuka, kukan da bai yi ba ranar da aka rufe Malsun. Na bar shi ya yi abinsa, na tsaya a gabansa na kare shi daga idon mutane.

Washegari da safe na tarar da shi a ɗakin girkin Unsil yana tsaye gaban tukunya kamar wanda aka kai baƙon gari. Mutumin da ya san ganye tun daga kan dutse bai san yadda ake dafa shi ba. Na ce, "Karya wannan ka jiƙa." Ya daɗe yana riƙe da shi kafin ya karya. Ya jiƙa har ya buɗe ya yi laushi, ya wanke, ya soya da man riɗi da nama, ya tsayar da ruwa, ina kansa ina faɗa: "Rage wutar, ba koma kake tafasawa ba." Romon ya yi fari yadda ake so. Muka fara zuba kwano ɗaya da shinkafa da ruwa muka ajiye wa Kakar Haihuwa, wadda tsofaffinmu suka ce ita ke kare mai jego da jariri, a gefen ɗaki, kamar yadda Innarmu ke yi, sauran muka zuba a kula muka nufi asibiti.

Unsil tana kishingiɗe, jaririyar na barci a gefenta da fuska jajir. Ya zuba mata, ya miƙa. Ta leƙa kwanon, ta ture masa.

"Wa ya dafa?"

"Ni."

"To ban yarda da girkinka ba. Ɗanɗana tukuna in gani."

Ya dube ni, na kau da kai. Ya ɗauki cokalin, ya kai baki, ya daɗe bai haɗiye ba. Da ya haɗiye sai ya ce a hankali, "Innarki ba ta sha tata ba. Tana kan wuta."

Unsil ta ce, "To ka sha mata, Baba. Gwaggo, zuba mini wata."

Na zuba mata. Suka sha tare, ita a kan gado, shi a kan kujerar roba. Da ya kai ƙarshe ya ajiye cokalin, ya ɗaga kwanon da hannu biyu ya shanye romon tas.